Faifai, sashe, ɓangare, yanki: wanne ne wanne? Ina neman shawara kan kalmomin jagorarmu

Habibu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ga gara in kawo shi gaban waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Mu huɗu ne muke mayar da jagorar wata babbar manhaja ta dangin Linux zuwa Hausa. Aikin sa-kai ne, kowa sai ya samu sarari yake taɓawa. Da muka raba babi-babi, na ɗauki na girka manhaja, wani ya ɗauki na rarraba faifai, wata ta ɗauki na tsarin fayil, na huɗunmu ya ɗauki na ceto kwamfutar da ta ƙi tashi. Kowa ya gama nasa, muka haɗa, muka yi wa juna barka. Sai na ba ƙanena ya bi jagorar daga farko a tsohuwar kwamfutarsa, tunda bai san komai a fannin ba, kuma don irinsa muke rubutun.

A babina akwai layin da ya ce: "Zaɓi faifan da za ka girka manhajar a kai, ka goge shi tukuna." Ni a zuciyata `/dev/sda3` nake nufi, wato gutsure ɗaya cikin ukun da aka yanka. A babin abokin aikina kuwa, faifai na nufin `/dev/sda` ɗungurungum, kuma akwai kanun da ya rubuta "Yadda ake goge faifai", inda ya koyar da manhajar yanka faifai `parted` da umarninta `mklabel`. Yaron nan ya karanta nawa, bai san yadda ake gogewar ba, ya duba jerin kanu, ya ga na abokina, ya bi shi sau da ƙafa. Yana danna eh sai ga faifai fayau, babu Windows, babu inda hotunansa suke. Abin da ya cece mu shi ne tsoro ya kama shi, ya tsaya a nan, bai ci gaba da girkawa ba. Teburin da ke nuna yadda aka yanka faifan kawai aka sauya, bayanan suna nan kwance, na dawo da su a daren da manhajar ceto bayanai TestDisk. Amma fa har yau in na shiga ɗakinsa sai ya ja kwamfutar jikinsa.

Ba laifin yaron ba ne, abin da aka rubuta ya bi. Ba kuma na abokina ba ne, shi faifai ya ce kuma faifai yake nufi. Ni ne na yi sakaci da kalma.

Washegari na zauna na bi rubutun duka da `grep`, umarnin neman kalma a cikin rubutu, sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Abin da Turanci ke kira `partition`, wato gutsuren da aka yanka a faifai, yana da suna huɗu a wurinmu: sashe, ɓangare, yanki, da faifan nan nawa. Shi `filesystem`, wato yadda ake jera fayiloli a kan faifai, wani wuri tsarin fayil ne, wani wuri tsarin fayiloli, wani wuri tsarin ajiya. `mount` kuwa, wato sa manhaja ta buɗe faifai don a ga fayilolinsa, ɗora ne a babi ɗaya, haɗa a wani, jona a wani. Wanda ya fi ba ni dariya da takaici shi ne `volume`: galibi kundi muka sa, amma akwai inda na tarar da "ƙarar faifai", kamar rediyo muke murɗawa.

Da na koma ga na Turancin don in ga ko shi zai raba mana gardama, sai na ga shi ma ba tsayayye ba ne. A sakin layi ɗaya za ka ga `disk`, ka ga `drive`, ka ga `device`, kuma ba za ka iya rantsuwa abu ɗaya suke nufi ko uku ba.

To tambayata ita ce: mu bi kalmomin Turancin ɗaya bayan ɗaya, kowace mu ba ta takwara, ko mu yi gaban kanmu? Sannan aro ya fi ko ƙirƙira? Kuma in mun tsayar da kalmomin, yaya za a yi mutum huɗu da ba sa zama wuri ɗaya su riƙe su? Don na san halinmu, bayan wata biyu kowa zai koma ga kalmar da ta fi masa daɗin baki.

Malam Isiyaku:

Wa'alaikumus salam Habibu. Allah ya kiyaye gaba, ka kuma ƙara ba yaron haƙuri. Amma kada ka ɗauka a kanku aka fara. Ruɗanin nan ya girme ka, wataƙila ya girmi duk ku huɗun.

Tun 1983, da PC DOS 2.0 ta zo da teburin MBR, sekta ta farko, wato ɗan gidan farko na faifai mai bayit 512, gurbi huɗu kacal take ɗauke da su, kowanne bayit 16. Mutanen DOS suka kira abin da kowane gurbi ke nunawa `partition`. Su kuwa mutanen BSD, wani dangin manhaja daban, suna da nasu yankan da nasu teburin, mai haruffa daga a zuwa h, kuma da wannan sunan suke kiransa. Da FreeBSD ta zo zama a kan irin waɗannan kwamfutoci, sai ta kira na DOS ɗin `slice`, ta bar wa na cikinsa `partition`. Shi ya sa za ka ga `ada0s1a`: faifai, silais na 1, fatishin a. Je ka wata manhajar, Solaris, a kan irin kwamfutocin dai, sai ka tarar an juya rigar: na waje shi ne fatishin, na ciki shi ne silais, kamar `c0t0d0s0`. Na taɓa shafe yamma guda ina musu da wani abokin aiki a kan umarni ɗaya, ashe ni karatun FreeBSD nake yi, shi na Solaris, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu.

Ka kuma dubi kalmar da ta ci ƙanenka da kyau. `mklabel`. A kunnen wanda bai sani ba, lakabi za a liƙa, abin da ba ya cutar da kowa. A wurin `parted` kuwa `label` shi ne teburin kansa, `fdisk` ma `Disklabel type` take bugawa in za ta gaya maka MBR ne ko GPT, wato sabon irin teburin. Ban da wannan akwai lakabin tsarin fayil, wanda `e2label` ke sauyawa, bayit 16 a tsarin fayil na ext4, harafi 11 a na FAT. Sai kuma a GPT kowane fatishin yana da sunan kansa har harafi 36, shi ne `blkid` ke nunawa da `PARTLABEL`. Abu uku ke nan a ƙarƙashin kalma ɗaya. Biyun ƙarshe in ka sauya su, mafi muni shi ne layin `/etc/fstab`, jerin abubuwan da Linux ke buɗewa in ta tashi, da ke kiran su da tsohon suna ya daina aiki. Teburin kuwa in ka sauya shi ka yaga taswirar faifan gaba ɗaya. Mai fassarar da ya ga `label` ya rubuta lakabi duk inda ya gan shi zai ce maka ya daidaita kalmominsa, alhali rami ya haƙa wa mai karatu, ya rufe da tabarma.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko a wurina: kada ku bi kalmar Turanci, ku bi abin da ake magana a kai. Duk inda ka ci karo da `disk` ko `drive` ko `device`, tsaya ka tambayi kanka wane suna abin yake da shi a `/dev`, wane umarni ke samar da shi, wane ke rusa shi. In amsar ta zo ɗaya, abu ɗaya ne, suna ɗaya zai ci, ko da marubucin asali ya ba shi uku. In ta bambanta, suna biyu za a yi, ko da shi ɗaya ya ba su.

Ni hawa-hawa nake kallon lamarin. A ƙasa akwai abin da za ka iya riƙewa a hannu, `/dev/sda` ko `/dev/nvme0n1`. A kansa teburi. Teburin ya yanka shi, ka samu `/dev/sda1` ko `/dev/nvme0n1p1`. Wani lokaci a saka hawa na tsakiya, LVM mai tara sarari a sake yanka shi, ko RAID mai haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, ko kullen sirri na LUKS. Sannan `mkfs` ya shimfiɗa tsarin fayil. A ƙarshe abin ya bayyana ga mai amfani a `/home` ko a `C:`. Zana wannan a shafin farko na jagorarku, ku raɗa wa kowane hawa suna, sannan a fara fassara. Ku kun gina ɗakuna ne kafin ku auna fili.

Inda za ku sha wuya shi ne `volume`. A Windows, `diskpart` tana da jeri uku daban, `list disk` da `list partition` da `list volume`, kuma na ƙarshen shi ne abin da ke ɗauke da tsarin fayil, wanda ake iya ba harafi. A LVM kuwa har uku ne: na ƙasa, wato `physical volume`, ba a shimfiɗa masa tsarin fayil kai tsaye, kayan gini ne kawai da ake zubawa a rukuni, a yanko `logical volume` daga ciki. APFS, tsarin fayil na Apple, da ta fito a 2017 tana da mazubi guda wanda kundaye da yawa ke zama a ciki suna cin sarari ɗaya, ba tare da an yanka wa kowa iyakarsa tun farko ba. Kundi kalma ce mai kyau, amma kada ta fito tsirara. Ku riƙa cewa kundin LVM, kundin APFS, kundin Windows.

Haka shi ma tsarin fayil. In na ce "ext4 tsarin fayil ne", iri nake nufi. In na ce "tsarin fayil ɗin da ke `/dev/sda2` ya lalace", guda ɗaya takamaimai nake nufi. In littafi ya ce `/etc` yana cikin tsarin fayil, bishiyar nan da ta faro daga `/` yake nufi. Na ukun ku kira shi bishiyar fayiloli ku huta.

Rukayya:

Malam ya gama da tushe, Allah ya ƙara sani. Ni bari in taɓa wajen harshe da wajen riƙon, don fassarar manhaja nake yi, kuma na sha irin wannan.

Ɗan'uwa Habibu, koma ka sake karanta jimlarka. "Ka goge shi tukuna." Ko da ka sa kalmar da ta dace a farko, wannan "shi" ɗin tarko ne. Faifai namiji, teburi namiji, sashe namiji, kundi namiji, tsarin fayil namiji. In biyu daga cikinsu suka haɗu a jimla, lamiri ba zai gaya wa mai karatu wanda ake nufi ba. Dokar da na kafa wa kaina ita ce: duk jimlar da ke umartar mutum ya goge, ya sauya, ko ya rubuta a kan wani abu, babu lamiri a cikinta. A maimaita sunan, a kuma kawo misalin adireshinsa. Da ka rubuta "wanda za ka goge yana ƙarewa da lamba, kamar `/dev/sda3`, ba `/dev/sda` ba", da yaron bai je babin wani ba. Sai dai ka kula, faifan NVMe shi kansa da lamba yake ƙarewa, `nvme0n1`, a can harafin `p` ne alamar yanka. Ka kawo misalin duka biyun.

Abin da ke sa mutane huɗu su samar da suna huɗu ba lalaci ba ne, tarbiyyar aji ce. An koya mana cewa maimaita kalma rauni ne a insha'i, gwani shi ne mai sauya lafazi. A jagorar fasaha akasin haka ne. Mai karatu in ya ga sashe a layin farko ya ga ɓangare a na uku, zai ɗauka sabon abu ne ya shigo, kuma yana da hujja. Masu Turancin ma sai da suka rubuta wa kansu doka. Buga `man 7 man-pages` a Linux, za ka tarar da jadawalin kalmomin da aka fi so da waɗanda za a guje wa, har da cewa a rubuta `filesystem` a haɗe ba a rabe ba, haka ma `superblock`. In su da harshen nasu sun buƙaci wannan, bare mu.

Wajen zaɓen kalma, ni tambaya ɗaya nake yi: tana da wani aiki a cikin wannan littafin? Sashe tana da shi, don za ku ce "duba sashe na 3" kuna nufin sashen littafi, mai karatu ya je yana neman `sda3`. Yanki za ta fito a wajen zaɓen yankin lokaci. Ɓangare za ta fito a wajen ɓangarorin kwamfuta. Ɗora ma haka: mun riga mun ba ɗora da sauke aikin tura fayil intanet da ɗauko shi. In ka ce "sauke faifan kafin ka zare shi", wani zai zaci kwafe shi zai yi. Haɗa da jona kuwa aikin hannu ne, cusa waya a rami, alhali filash na iya zama a jone amma manhaja ba ta buɗe shi ba. Ni rataya nake amfani da ita, tunda a reshen bishiya ake saƙala abin. Wurin kuma maratayi, akasinta kwance. Ba na cewa ta fi kowace daɗi, amma ba ta da wani aiki.

"Ƙarar faifai" kuwa na san inda ta fito. Ma'ajiyar fassara ce ta ga kalmar ita kaɗai, ta tuno fassarar da aka yi mata a wajen saitin sauti, ta miƙo, wani ya danna amincewa da dare yana gyangyaɗi. A gettext, kayan aikin fassara manhaja, akwai `msgctxt` don raba irin waɗannan, amma sai marubucin manhajar ya sa shi. In bai sa ba, idonka ne kawai.

Batun riƙo, kada ku dogara da alkawari. Ku buɗe fayil ɗaya a cikin ma'ajiyar aikin. Kowace kalma a rubuta ma'anarta a layi ɗaya, da misali daga `/dev`, da jam'inta, da jinsinta, sannan, wanda ya fi komai muhimmanci, kalmomin da aka haramta a madadinta. Daga wannan jerin haramtattun sai a rubuta ɗan umarnin `grep` da zai riƙa bin rubutu kafin a karɓi gyaran kowa. In kuna son abin da ya fi haka akwai Vale, manhajar duba rubutu, ana rubuta mata dokar "in ka ga wannan, ka ce a sa wancan". Kuma mutum ɗaya ne zai riƙe fayil ɗin. Kowa na iya kawo ƙorafi, amma hannu ɗaya ke sauyawa, ya kuma rubuta dalili, don kada bayan shekara sabon shiga ya zo ya tayar da gardamar da aka binne.

Abu na ƙarshe: abin da allo ya buga, a bar shi yadda yake. `parted` tana kiran MBR `msdos`, `fdisk` tana kiransa `dos`. Ku a bayaninku ku ce MBR kullum, amma ku gaya wa mai karatu abin da idonsa zai gani.

Garzali:

Malam da Malama Rukayya, a gafarce ni, ni ba marubuci ba ne, gyara nake yi, amma bari in faɗi abin da kunnena ke ji kullum. Ban taɓa jin wanda ya ce a yanka masa sashe ba. Fatishin ake cewa. "Raba min shi fatishin biyu, C da D." Ba a cewa a shimfiɗa tsarin fayil, fomat ake cewa. Filash, memori, fomat, fatishin, da su mutane ke magana, da su kuma za su yi bincike in sun maƙale. In jagorarku ba ta da kalmar fomat ko sau ɗaya, wanda ya buɗe ta yana neman yadda ake fomat zai rufe ya ce babu. Maratayi kuwa, Malama, wallahi sai da na karanta sau biyu. Na gane daga baya, kuma ta zauna, amma ranar farko sai an riƙe wa mutum hannu.

Sannan akwai wanda ba ku ambata ba, kuma ni shi ya fi kawo mini rigima: awo. Mutum ya sa faifai an rubuta 1 TB a jikinsa, Windows ta nuna masa 931 GB, ya dawo yana kallona kamar na gutsuri wani abu na ɓoye. Na 500 ya nuna 465. Babu abin da ya ɓata. Masu ƙera faifai da 1000 suke lissafi, tera ɗaya bayit 1,000,000,000,000 ne cif. Windows kuma ta raba da 1024 sau uku, amma ta rubuta GB. Tun 1998 hukumar IEC ta fito da KiB da MiB da GiB don na 1024 ɗin, wasu suka bi, wasu suka ƙi. Mac ta koma lissafin 1000 a 2009, don haka faifai ɗaya zai nuna lamba biyu a kwamfuta biyu. A Linux ma `df -h` da 1024 take yi, `df -H` da 1000, bambancin ƙaramin harafi da babba ne kawai.

To in a babinka ka ce a ware giga 20, a babin abokinka ya ce 20 GiB, mai karatu zai tambaya ɗaya ne ko biyu. A giga bambancin ya kai kashi 7 cikin ɗari, a tera ya kusa 10. Ku sa wannan a fayil ɗin Malama.

Malam Isiyaku:

Garzali ya yi gaskiya a fatishin, kuma hujjar Rukayya ce ma ta ba shi nasara: duk kalmominmu na gida suna da wani aiki, ita baƙuwar ba ta da kowane. Na sallama.

A fomat ne ban sallama duka ba. Mutumin da ya ce maka a yi wa kwamfutarsa fomat, me yake so? Sau da yawa a sake girka masa manhaja yake nufi. Wani a share komai yake nufi don zai rabu da na'urar. A littafi kuwa ma'anarta a shimfiɗa sabon tsarin fayil a kan fatishin ɗaya, aikin `mkfs`. Ko a Windows iri biyu ne: mai sauri sabon fihirisa kawai yake rubutawa, tsofaffin bayanai na nan a ƙasa ana iya tono su, cikakken kuma tun daga Vista sifili yake bi yana rubutawa. Wanda ya yi mai sauri ya miƙa wa wani faifansa yana ganin ya wanke shi, bai wanke ba. Ku yi amfani da fomat, amma ku ɗaure ta da ma'ana ɗaya a farkon fitowarta, ku kuma hana goge shiga gonarta. Goge ta riga ta yi muku ɓarna sau ɗaya.

Tunda an zo awo, ga ƙaninsa. Sekta ta faifai ce, a da bayit 512 ce, sababbi da yawa 4096 ne a ciki ko da suna nuna 512 a waje. Bulo na tsarin fayil ne, a ext4 galibi 4096. NTFS da FAT kilasta suke ce masa, tagar fomat ta Windows kuma ta kira shi `Allocation unit size`. Sai `df` ta zo ta buga `1K-blocks`, `stat` kuma ta ƙirga nata bulon da 512. In kun ce bulo, ku faɗi na wa.

Habibu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare mun yi magana mu huɗun, na karanta musu duk abin da kuka rubuta.

Ga inda muka tsaya. Faifai na abin da ake riƙewa a hannu ne kawai, kuma ni aka fara karanta wa wannan doka, kowa yana dariya. Fatishin ta ci, jam'inta fatishin-fatishin muka bari don mun gwada wasu ba su shiga kunne ba. Sashe ta koma ta littafi zalla. Teburin fatishin shi ne MBR ko GPT, kuma kalmar lakabi ba za ta kusance shi ba. Lakabi na tsarin fayil ne, na GPT kuma sunan fatishin. Kanun abokina ya tashi daga "Yadda ake goge faifai" ya koma "Yadda ake sabunta teburin fatishin", da gargaɗi a samansa cewa duk fatishin da ke kan faifan zai ɓace daga gani. Fomat ta shiga da ma'anar da Malam ya ɗaure ta da ita. Awo kuma GiB za mu riƙa rubutawa in muna ba da umarni, GB sai in muna faɗin abin da aka buga a jikin faifai, da ɗan bayanin 931 ɗin Garzali a gefe.

Rataya ce ta raba mu, biyu da biyu. Mai babin tsarin fayil tana so, mai babin ceto ya ce shi maunt yake ji a bakin mutane. Mun sa rataya na wucin gadi, da sharaɗin a gwada a kan mutum uku da ba su san harkar ba, a ga ko za su gane bambancin kwance da zare ba tare da an yi musu bayani sau biyu ba. Fayil ɗin kalmomi a hannuna yake, wai tunda ni na jawo.

Ƙanena ya yarda zai sake gwadawa, amma a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, kuma ya ce kwamfutata za a yi amfani da ita.

Malam Isiyaku:

Madalla. Kafin ka ba shi, bincika "na farko" a rubutunku. `diskpart` daga 0 take ƙirga faifai amma daga 1 take ƙirga fatishin. Tsohon GRUB, wato mai tayar da kwamfuta, `(hd0,0)` yake kiran fatishin na farko, GRUB 2 kuma `(hd0,1)`. A MBR, fatishin na cikin faɗaɗɗe, wato babban fatishin da ke ɗauke da wasu a cikinsa, daga `sda5` suke farawa a Linux ko da babu na 3 da na 4. Kuma wanda ya zama `sda` yau yana iya wayar gari `sdb` in an jona wani faifan, shi ya sa ake sa UUID, lambar shaida da ba ta sauyawa da wurin jonawa, a `fstab`.

Habibu:

Na duba yanzu, Malam. Sau shida muka rubuta "faifai na farko", biyu daga ciki a babin ceto, kusa da umarnin `dd`, mai iya rubutawa a kan faifai ɗungurungum. Bari in kira mai babin kafin ya kwanta.